Yaƙin Hannun Hagu

Da sunan Mai gafara muke buɗe tarihin jaruma Bara'atu, 'yar Malam Ɗalhatu tela, wanda yake warware babbar riga sukutum saboda zare ɗaya ya karkace. Jikar Hajiya Yalwa, wadda ta rayu tana sake wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Giwar ladabi! Garkuwar tarbiyyar Samaru! Mai ba wa ƙofa haƙuri idan ta yi karo da ita!

Musibar ta auku ne ranar sunan ɗan yayarta. Ana tsaka da hidima, jariri yana saɓe a damanta, sai ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Tasalla, ta nemi abin sha. Nan take jaruma, a gaban mata da 'yan barka, ta miƙa wa dattijuwar kofin zoɓo da hannun hagu. Gwaggo ta karɓa, ta shanye, ta ci gaba da hira. Sama ba ta faɗo ba. Amma Bara'atu ta tabbata cewa mutuncin gidan Malam Ɗalhatu ya zube, kuma har abada za a riƙa cewa boko ya cinye tarbiyyar 'yarsa.

Kwanaki suka shuɗe rundunonin nadama suna kai mata farmaki, a wurin aiki da kan darduma da bakin murhu. Ta kafa majalisar shari'a a cikin ƙirjinta, ita ce mai ƙara, ita ce shaida, ita ce alƙali, kuma ba ta taɓa yi wa kanta sassauci ba. Hukunci ya fito: sai an kai wa Gwaggo kaffarar masa har gidanta cikin birnin Zariya.

Ranar Asabar ta ɗaura ɗamara, ta girka tanda, ta fuskanci ƙullu kamar yadda sadauki yake fuskantar maƙiya. Masar farko ta yi duhu a gefe, aka kore ta daga sansani. Ta biyu ba ta kewaye daidai ba, aka bayar da ita ganima ga maƙwabta. Mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Ke Bara'atu, shinkafar gidan nan za ki ƙarar?" Jaruma ba ta waiwaya ba, sai da ta tara zaɓaɓɓun dakaru farare tas, ta jera su a kula, ta haɗa da miya, ta hau bas tana maimaita jawabin tuba.

Da ta isa fagen fama, ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa, ta buɗe kular, ta miƙa.

"Gwaggo, ki yafe mini abin da na yi ranar suna."

"Me kika yi, 'yar nan?"

"Zoɓo. Da hagu na ba ki."

"Au, ke ce kika ba ni? Ni da idon nan, ai na ɗauka matar ɗana Sabi'u ce. Kai, zoɓon nan ya ji citta! Miƙo miyar."

Haka aka ci birnin ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba. Gwaggo ta ci, ta sa albarka, ta ce gidan Ɗalhatu bai taɓa haifar marar kunya ba. Jaruma ta fito da tutar nasara, ta hau bas, iska tana kaɗa mayafinta, ta ji daɗin numfashi karo na farko tun ranar suna.

An kusa Kwangila ne ta fara bitar yaƙin daki-daki, kamar yadda manyan kwamandoji suke yi. Ta tuna durƙuson, babu aibi. Ta tuna jawabin, babu tuntuɓe. Ta tuna ta cire murfin kular da dama, tana riƙe da shi gam, sannan ta miƙa masar da...

Ta dubi hannunta na hagu. Yana kwance a cinyarta, ko a jikinsa.

"Kwandasta! Akwai sauka!"