Kyamarar da Na Yi wa Kwalliya

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kunyata kaina a haraj, wato kasuwar gwanjo ta Riyad ba. Lokacin kuɗin mai ya fara ambaliya, ko'ina gini ake yi. Ni da Sale muna tuƙa motocin wani kamfani, ɗakinmu ɗaya a unguwar Ulaisha. Garinmu ɗaya, jirgi ɗaya ya kawo mu, amma shi irin mutanen nan ne da ko faɗuwa suka yi sai sun tashi da tsintuwa.

Wata rana ya shigo da tsohuwar kyamara mai naɗewa, wadda in ka buɗe ta sai wani abu kamar zugazugin maƙera ya miƙo. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Bayan sati biyu ya mayar da ita haraj, wasu Turawa injiniyoyi masu tara tsofaffin kyamarori suka yi ta ƙari a kanta, har ya tashi da abin da ya fi albashinmu na wata uku. Na ce Allah ya sanya albarka (baki ne ya faɗa, zuciya ba ta ce amin ba). Hassada ce ta kama ni, ba wani suna da zan ba ta.

Na yi ta sintiri a haraj har na samo tawa, na ɓoye masa. Lissafina shi ne, in ƙazamar kyamarar Sale ta yi wannan daraja, ina ga mai tsafta? Na dirje ƙarfen da toka da lemon tsami har rubutun jikinta ya shafe. Baƙar fatar da ta tsattsage na ɓare ta, na kai wa wani baduku mutumin Damagaram a unguwar Al-Oud. Ya lulluɓe ta da jar fata, ya yi mata zane, har da tuntaye biyu (ni na nace a kan tuntayen).

Ranar gwanjo bayan la'asar na gayyaci Sale da duk 'yan gidanmu, wai su raka ni. Dillali ya ɗaga ta sama, ya jujjuya, ya tambayi jama'a da Larabci ko wannan kyamara ce ko laya. Aka yi dariya, na dake.

Sai ɗaya daga cikin Turawan nan ya karɓa ya buɗe, ya daɗe yana kallonta. Ya sa dillali ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Na fito gaba, na dafa ƙirji, ina satar kallon Sale.

Dillali ya ce, "Ya ce wannan ta fi ta abokinka tsufa da wuyar samu. Da ka bar ta da dattinta, da ya biya ninki biyu na kuɗin waccan. Yanzu ko kyauta ba ya so."

Ba wanda ya taya. Ina tsaye, hannuna na kan ƙirji, na rasa yadda zan sauke shi. Can sai Sale ya ɗaga yatsa ya taya daidai abin da na kashe. Ya matso ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, ai da ka nuna mini."

Wallahi tausayin nan ya fi dariyar kasuwa ciwo. Har yau in na ga wani ya samu nakan ji ɗan cizon nan, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai yanzu nakan haɗiye girman kai in je in tambaye shi yadda ya yi. Ashe hassadar ma sai da ilimi.