Motar Masu Keke

"Lafiya ƙalau na kwana, tunda ban yi mafarkinki ba," in ji Kaka, ko ɗago kai bai yi daga rediyon da yake murɗawa ba. "Ya aikin huda bayin Allah?"

"Aiki da godiya. Saura kai, na ajiye maka allura mai kauri."

A tsaye ta gaishe shi, da farar rigar asibiti a jikinta, don daga wurin aiki ta wuto ko gida ba ta biya ba. 'Yar Allura yake kiranta tun ranar da ta zama nas, ita kuma in ta ga dama ta ce Kaka, in ta ga dama ta ce angona mai haƙori huɗu. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da ya tsufa a kan sitiyari, kuma bakinsa ya fi ƙafarsa sauri har gobe. Tun tana rarrafe suke zolayar juna, amma yau ba wasa ya kawo ta ba. Mamarta ce ta buga mata waya ta ce maza ta zo, tsohon ya yi magana da dillali zai sayar da motar.

Motar nan kuwa ba ƙaramin abu ba ce a wurin 'Yar Allura. Ita ta saya masa, da guminta, bayan tsohuwar tasa ta mutu murus a bakin gareji. Ta hana kanta sabon zane, ta hana kanta sabuwar waya, har ta samo masa wata ƙaramar mota ƙirar Koriya, mai ruwan toka, ta hannu amma tsaf da ita, wadda aka shigo da ita daga wata ƙasa mai sanyi. Ranar da ta kawo ta, Kaka ya zaga unguwa yana danna hon kamar yaro. Ba a jima ba ya fara kushe ta, daga nan ya rage fita da ita, ƙarshe ya lulluɓe ta da tampol ya koma hawan ta haya. Abin ya daɗe yana ci mata rai, yau dai ya kai ta maƙura.

"Me motar ta yi maka?"

"Wace mota? Au, gwangwanin madarar nan? Ai ni ban san mota kika kawo min ba. Na ɗauka keke ne aka yi wa rufi."

"Keke mai esi da giya biyar?"

"Je ki tambaya mana. Mutanen da suka ƙera ta da ƙarfen keke suka fara. Da bututu da kaca. Ina tsammanin har yau in ka buɗe injin za ka tarar da feda a ciki."

Ta ce masa ai wannan abin yabo ne, mutane sun tashi daga keke sun koma babur, daga babur sun yi mai ƙafa uku, daga nan suka ƙera mota sukutum har tana tsallaka teku, shi kuwa tunda ta san shi abin da ya ƙera a duniya bai wuce surutu ba. Ya ce ta manta ba ta faɗi lokacin da kamfanin ya durƙushe sai da wani kamfanin ƙasarsu ya ɗauke shi ba. Ta ce shi ma da ya durƙushe a banɗaki bara ai ɗaukarsa aka yi, kuma ba wanda ya kira dillali a kansa.

Ya ɗan yi tari don ya ɓoye dariya, ya sake ɗaure fuska.

"Malamin makarantar da ke bayanku irinta gare shi," ta ci gaba. "Ya ce bakanike har ya manta kamanninsa."

"Malamin da ke tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai? Ko jaki aka ba shi zai shekara bai ci duka ba."

"Mai tasin bakin titi fa? Ya ce mai kaɗan take sha."

"Ai dole. Wanda ba ya aiki ina zai ci da yawa? Ke ce kawai kika karya wannan ƙa'idar."

Ta ja tsaki. Ta san shi sarai, in yana neman guje wa magana sai ya tsaya a kan tsokana har mutum ya gaji ya tafi. Ta tambaye shi ko birki ne, ya ce a'a. Ko inji na zafi, ya ce lafiyarsa lau. Ko fitila, ko taya, ko wani ƙara yake ji, duk ya girgiza kai. To mene ne? Ya ce shi dai jininsu ne bai haɗu ba, kuma dillali na jira a kai masa ita kafin azahar, in an sayar kuɗin nata ne, ta je ta sayi miji da su tunda a kyauta an ƙi ɗauka.

Nan ranta ya ɓaci da gaske. Ba maganar mijin ba, wannan ta saba. Abin da ya ƙona ta shi ne a mayar mata da kyauta kamar an mayar wa mai shago ruɓaɓɓen kaya. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makulli, ita da kanta za ta kai, in ya so kowa ya huta.

"Ke za ki ja? Allah ya tsare masu tafiya a ƙasa."

"Ko ka ja da kanka."

Ya dubi tampol ɗin ta taga, sannan ya laluba aljihu ya jefa mata makullin. Ya ce zai bi ta, don kada dillali ya yi mata wayo ya haɗa da ita a cinikin. Wannan ne karon farko da ya taɓa yarda ya zauna a gefe wani jikansa na tuƙi, amma haushi bai bar ta ta lura ba.

Da ta yaye tampol ta buɗe ƙofa, sai ta tarar da tawul ninki biyu da wani tsohon filo a kan kujerar direba. Ta kwashe ta watsa baya tana mita, wai an mayar da mota ɗakin kwana. Kaka ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen.

Suka hau titi. Bai bar ta ta sha iska ba. Ta sa giya, ya ce ta tashi matattu. Ta taka birki, ya ce wuyansa na haya ne. Ta ba mai babur hanya, ya tambaya ko saurayinta ne. Ita kuma tana mayar masa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa da ta san haka fasinjan yake da ta sa shi a but. Motar kuwa tana tafiya sumul, esi na busa sanyi, ko ƙis ba ka ji, abin da ya ƙara mata takaici ke nan.

A cikin cunkoson kusa da kasuwa ta fara jin wani abu. Ɗumi ne ya taso mata daga ƙasan kujera, ya bi cinyoyinta, ya hau ƙugunta. Ta gyara zama. Ɗumin ya ƙaru. Fuskarta na shan sanyi, bayanta kuwa kamar ta jingina da murhu. Ta sake muskutawa, ta ɗaga bayanta daga jikin kujerar, ta kai hannu ta shafa ƙugu.

Sai ta ji surutun Kaka ya tsaya cak. Ta waiga. Idonsa na kan hannunta, kuma duk wasan da ke fuskarsa ya gudu.

"Ke ma?" ya ce a hankali. "Ke ma kin fara ji?"

"Jin me?"

"Zafin. A ƙugu. Tun yaushe?" "Ke yarinya ce, bai kamata ya zo miki yanzu ba. Ashe a jini yake."

Ta gangara gefen titi ta tsaya gaban wani shagon gyaran waya, ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. Da ƙyar ta tatso maganar daga bakinsa. Ashe tun farkon zuwan motar, duk sanda ya fita sai zafi ya kama masa ƙugu da baya har gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗauka zaman tuƙi ne jikinsa ya daina ɗauka. Kuma haka ƙanensa ya fara, da ciwon baya, kafin a ce ƙoda ce, kafin a wayi gari babu shi. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa zuwa wani kemis mai nisa yana sayen magani don kada labari ya iso mata, ya shimfiɗa tawul, ya ƙara filo, abin ya ɗan yi sauƙi amma bai tafi ba. Da ya daina tuƙi zafin ya lafa, sai ya ce wato ciwon ya koma ciki yana jira.

'Yar Allura ta sunkuya tana duba maɓallan da ke kusa da giya. Can ƙasa ta ga guda biyu a jere, kowanne da hoton kujera da wasu layuka uku masu lanƙwasa suna tashi sama. Na ɓangaren direba a danne yake, irin wanda in an danna yake zama a haka, da 'yar jar fitila da hasken rana ya kusa ɓoyewa.

"Kaka, wa ya danna wannan?"

"Ni mana, tun ranar farko. Na iskar kujera ne. Ba ki ga iska na tashi a hoton ba?"

Ta kifa kai a kan sitiyari. Ita kanta ba ta san ko dariya take ko kuka ba, kafaɗunta dai na girgiza. Da ta ɗago ta gaya masa cewa wannan na ɗumama kujera ne, an yi shi don mutanen da sanyi ke daskarar musu da jiki da safe, shi kuwa ya kunna wa kansa wuta a ƙarƙashi yana yawo da ita cikin rana tsaka.

"Ƙarya kike. Na ja motar da tayarta ta fi ki tsawo. Wane mahaukaci ne zai sa risho a kujera?"

"Masu keke."

"Ki daina wasa da ciwo, yarinya."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta kashe nata, ta danna na ɓangarensa, ta naɗe hannu a ƙirji. Suka zauna, masu wucewa na leƙensu. Ta ga lokacin da abin ya iso shi. Ya ɗan ɗaga gira, ya gyara zama, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin cinyarsa, ya cire, ya sake sawa. Ciwon da ya hana shi barci, wanda ya sa shi kallon jikokinsa kamar mai sallama, ga shi ya zo daidai yadda ya saba zuwa, a kan umarnin ɗan yatsanta.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne."

"To ga ƙodarka nan, ta roba ce, kuma tana da fitila."

Haushinta bai gama sauka ba. Ta ce ita nas ce, mutanen da ba ta sani ba suna kwance mata sirrin jikinsu kullum, amma kakanta ya gwammace ya je wa mai kemis. Ta ce in ma ciwon gaske ne, sayar da mota ne maganinsa? Me ya haɗa ƙoda da dillali?

Ya mayar da idonsa kan titi ya amsa.

"In na mutu tana hannuna, ta zama gado. Kawunnanki za su raba, ke ko madubi ba za ki samu ba. Na ga irin takalmin da kika riƙa sawa kafin ki saye ta. Na ce gara in mayar miki da abinki da raina."

Tausayinsa ya kama ta, kunya ma ta kama ta, don duk tsawon lokacin nan ta ɗauka raini ne. Ta juya tana gyara madubin da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce duk da haka gobe sai ya bi ta asibiti an duba shi, saboda tulin magungunan da ya ɗura wa kansa ba gaira ba dalili, kuma ita za ta ɗebi jinin da hannunta.

"Na yarda. Amma kashe min ciwon nan tukuna, na fara nuna."

"Sai ka janye maganar gwangwani."

"Na janye."

"Da ta feda."

"Ke, zan ƙone."

"Da ta miji."

"Wannan kam ko za a toya ni ba zan janye ba."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga gare shi ba, har da buga gwiwa, har hawaye na bin tamojin fuskarsa yana sharewa da hula. Ta kai hannu ta kashe maɓallin. Ya ciro waya ya kira dillali ya ce a fasa, amaryarsa ta hana, kuma shi mijin-ta-ce ne. Da ya ajiye wayar ta zare makulli ta miƙa masa, ta kama ƙofa za ta fita su yi musayar wuri. Ya tura hannunta baya.

"Zauna, kin ci. Ja mu gida," ya ce, ya kwantar da kujerarsa ya miƙe ƙafa. "Yau ina so in ga garin nan ta taga. Na riga na yi masa ban kwana, sai in koma in ce masa na fasa."