Ganuwa Mai Shekara Ɗari Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na ɗauki surukina yawon tsofaffin garuruwa ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Dutse. (Ku riƙe wannan da kyau, don shi ya sa abin ya fi ciwo. Da lissafi nake koyarwa, da ba wanda zai ga laifina.) Surukin nawa kuwa, wanda duk muke kira Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya tun kafin in auri 'yarsa Rabi. Mutum ne marar yawan magana. Shekara tara da aurenmu, amma hirata da shi ba ta taɓa wuce in durƙusa in gaishe shi ba, ya tambayi aiki da yara, in ce lafiya lau, in tashi. Na dai san a ma'aikatar ayyuka ya yi aiki. Me yake yi a can? Ban taɓa tambaya ba.

A shekarar ne idonsa ya fara ba shi matsala. Likita ya gaya wa 'ya'yansa gaskiya, cewa magani zai rage wa ciwon sauri ne kawai, amma ganin zai ci gaba da raguwa. Wata Juma'a Rabi ta dawo daga gidansu idonta jawur. Ta ce Baba yana so ya zaga ƙauyuka da tsofaffin garuruwa tun yana iya bambance mutum da bishiya, kuma yana so a yi kafin ruwa ya sauka hanyoyi su lalace. Yayyenta maza duk suna aiki a nesa. Kafin ta rufe baki na ce ni zan kai shi, ga hutun makaranta ya zo daidai. A raina kuwa cewa na yi, yau ga ranar da dattijon nan zai san irin mijin da 'yarsa ta aura.

Mako biyu na yi ina tsara tafiyar. Na ciro taswirar jiha daga bangon ofishinmu, na shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, na hana yara wucewa ta wurin. Ranar farko Birnin Kudu, mu ga zanen da mutanen zamanin dauri suka yi a jikin duwatsu, mu dawo gida. Rana ta biyu mu bi ta Aujara mu ɓulla Jahun, mu leƙa Miga, mu kwana Haɗeja. Rana ta uku Gumel da Ringim, sai gida. Kowane zango na rubuta masa lokacin isa da na tashi. Shan fura minti goma sha biyar. Cin abinci minti ashirin da biyar. (Har kama ruwa sai da na ware masa lokacinsa, kamar cikin mutane zai bi takardata.)

Ina cikin wannan aiki ne, wata rana da la'asar, ina duba hoton ƙasa da ake ɗauka daga sama a wayata, sai na hango wani abu kusa da wani ƙauye tsakanin Jahun da Miga. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yanzu ba su manta da ni ba. Wani dogon layi ne ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, ya rungume ƙauyen ta gefe ɗaya. Ganuwa! Ganuwar wani tsohon birni da ba wanda ya taɓa rubuta komai a kai. Na duba duk littattafan da nake da su ban ga an ambace ta ba, kuma maimakon wannan ya sa in yi shakka, sai ya ƙara tabbatar mini ni ne na fara gano ta. Na zauna na rubuta jawabi shafi huɗu. Na yi lissafin da ni kaɗai na san kansa, na yanke mata shekara ɗari huɗu. Har na fara tunanin rigar da zan saka ranar da za a gayyace ni jami'a in yi bayani.

Da muka kai wa Baba jadawalin, Rabi ce ta karanta masa, don ƙananan rubutu sun daina shiga idonsa. Yana ta gyaɗa kai har ta zo kan sunan ƙauyen, inda na rubuta "kufan tsohon birni, minti arba'in da biyar". Sai ya ɗago.

"Ganuwa a can, Malam?"

Na ce ƙwarai kuwa Baba, ni ma da kaina na gano ta. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar farko komai ya tafi daidai. Mun isa Birnin Kudu kan lokaci, Baba ya sa fuskarsa dab da dutsen yana bin zanen shanun da ido, na yi bayani, ya ce madalla. Wannan madallar ita ta ƙarasa kumbura mini kai.

Rana ta biyu muka fita bayan asuba, Baba a gaba, Rabi a baya da kular abinci. Bazara ta kai bazara. Tun ƙarfe tara iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Manoma suna ta sharar gona, hayaƙin kara yana tashi nan da can, amalanken shanu suna kai taki, mata sun jera mangwaro a bakin titi. Baba yana ta kallo. A Aujara ya ji ƙarar maƙera suna gyaran garma da fartanya, ya ce ko za mu ɗan tsaya ya zauna wurinsu. Na dubi agogo, na ce masa Baba ai takarda ba ta ba mu dama ba, muna da babban abu a gaba. Ya ce to. (Duk cikin abin da na yi a tafiyar nan, wannan ne har yau ba ya ba ni dariya.)

Bayan Jahun muka sauka daga kwalta. Wayata ta ce saura kaɗan, amma ba ta gaya mini kaɗan ɗin yashi ne zalla ba. Ba mu yi nisa ba tsohuwar motata ta nutse har ciki. Na fita na tuɓe riga, na durƙusa ina tonon yashi da hannu, gumi yana shiga idona. Rabi ta leƙo ta ce mini a hankali, Baban Ummi, mu haƙura mana. Baba ma ya ce Malam, da mun wuce Miga, rana ta yi. Na ce wallahi ko a kafaɗa zan ɗauki motar nan sai mun isa. Wasu manoma huɗu suka bar aikinsu suka turo mu, muka fita, muka sake nutsewa, suka sake turo mu. Mun makara da awa biyu, amma mun isa.

Ga ta nan kuwa. Dogon tudun ƙasa, tsayinsa ya fi mutum, bishiyoyin darbejiya sun jeru a kansa. Daidai lokacin mutane suna fitowa daga sallar azahar, suka ga baƙuwar mota, suka taho. Kafin mu gama tamu sallar an taru kamar mutum talatin a gindin wata tsamiya. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma, aka kawo ruwan randa.

Mai hankali da nan zai zauna ya yi tambaya. Ni kuwa sai na kama saiwa na haye saman tudun, na zaro takarduna, na gyara murya.

Na fara da cewa mutanen wannan gari suna zaune a kan dukiya ba su sani ba. Na bayyana musu yadda kakannin kakanninsu suka gina wannan ganuwa shekara ɗari huɗu da suka wuce don kare kansu daga mahara. Na nuna wani wuri da tudun ya tsinke, na ce nan ce ƙofar birnin, nan masu gadi suke tsayawa da kwari da baka. Na sunkuya na tsinci wani tsingaro, na ɗaga shi sama, na ce wannan kaɗai ya isa shaida, irin wannan ginin tukunya ya daɗe da ɓacewa. Sau biyu Baba yana yin gyaran murya. Na ɗauka ƙura ce.

Da na ga kowa ya yi tsit, sai na ƙara wuta. Na koma yi musu faɗa. Na ce abin kunya ne a bar awaki suna hawa kan tarihi, na ce zan rubuta wa hukuma a zo a kewaye wurin da waya.

Duk wannan surutu da nake yi, mai unguwar garin, wani tsoho mai farin gemu, ba ni yake kallo ba. Baba yake kallo. Can sai ya matsa kusa da tabarmar, ya leƙa fuskarsa, ya riƙe baki.

"Ikon Allah. Wannan ba Injiniya ba ne?"

Baba ya yi murmushi ya miƙa masa hannu. Nan take dattawa suka yi kansa, wannan ya kama hannu, wancan yana tambayar ko ya gane shi. Ni kuma ina tsaye a sama, tsingaro a hannun dama, jawabi a hagu, saura shafi ɗaya da rabi.

Mai unguwa ne ya ɗago ya yi mini bayani, cikin ladabin da ya fi mari zafi. Ya ce Malam, wannan ai jinga ce, tudun da aka tara don tare ambaliya. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, bayan ruwa ya cinye musu rabin gari, gwamnati ta turo wannan bawan Allah da katafila biyu. Wata biyar ya yi yana kwana a zaurensu har aka gama. Darbejiyar ma su suka dasa da hannunsu. Ƙofar birnin da na nuna kuwa, nan ne ruwa ya ɓalle shekarun baya.

Wani daga bayan taro ya ƙara da cewa tsingaron hannuna na tulun gidansa ne, akuya ce ta fasa shi bara.

Sai a lokacin na dubi ƙasan ƙafata. Bakin kwalbati nake tsaye a kai, na siminti, har da guntun rodi ya leƙo.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Rabi kaɗai na hango a bayan mota, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Na rasa yadda zan sauko. Hawan da na yi da ƙarfin zuciya ne, saukowa kuwa ba ni da sauran ko ɗaya. Na taka sau ɗaya ƙasa ta zame, na ƙarasa saukowa a zaune, takarduna suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka haɗa baki suka ce sannu Malam.

Ina kakkaɓe wando Baba ya kira ni, ya ce in kama hannunsa in hau da shi. Muka hau a hankali ta wurin da ya fi sauƙi, dattawa suna biye. Ya riƙa tafiya a kan jingar yana buga ƙasar da sandarsa, yana nuna inda ruwa ya fi ƙarfi, da inda katafila ta taɓa kafewa kwana uku, da dalilin da ya sa ya lanƙwasa ta maimakon ya miƙe da ita. Mai unguwa ya nuna masa gidaje da gonakin da ba don ita ba da tuni babu su. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon wajen. Ban san iya abin da idonsa ya gani ba, amma na ji hannunsa ya ƙara damƙe nawa. A shekara tara ban taɓa jin ya yi maganar da ta kai ta ranar ba. Minti arba'in da biyar ɗina suka zama har bayan la'asar, kuma ko sau ɗaya ban dubi agogo ba. Haɗeja kuwa ba mu kai ba, a Miga muka sauka gidan wani tsohon abokinsa.

A hanya na tattara sauran ƙarfin halina na ba shi haƙuri. Ya ce babu komai. Ya ce tun ranar da Rabi ta karanta sunan garin ya gane abin da na gani, ya so ya gaya mini, amma sai ya ji tsoron in ya faɗa zan cire wurin daga takarda. Ya daɗe yana son ya ga ko aikin yana nan, yana jin nauyin ya ce a kai shi. Da ya ga wahalar da nake sha a yashi ne tausayi ya kama shi har ya ce mu wuce.

Har na fara samun sauƙi, sai ya juyo.

"Sai dai Malam, na san na tsufa, amma ban san na kai ɗari huɗu ba."

Rabi ta saki dariyar da ta riƙe tun azahar, har sai da na tsayar da mota.

Washegari na ninke jadawalin na jefa a aljihun mota, na ce Baba ina muka nufa? Ya ce mu fara komawa Aujara wurin maƙera. Awa biyu muka yi a can. Gumel da Ringim sai wata tafiyar muka je.

Yanzu ganin Baba ya ragu ƙwarai, amma duk Asabar nakan je da littafi da biro, yana faɗa ina rubutawa, kuma na gano ba ƙaramin malamin tarihi na yi shekara tara ina gaisarwa ina tashi ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka hau tudu ka yi wa mutane bayanin garinsu, fara tambayar dattijon da ke zaune a kujerar gaba. In kuma ka riga ka hau, to dubi ƙasan ƙafarka. Idan ka ga siminti, lallaɓa ka sauko tun jama'a ba su taru ba.