Magajin Bryn Eithin

"Taɓa agogon nan ka gani!" Muryar Eirlys ce, matar Idwal, ta ratso bango.

Nesta ta ajiye butar shayi, ta matso jikin bango. Gidajen layinsu manne suke da juna, kuma bangon da ya raba ta da su Idwal Roberts bai taɓa riƙe sirrin kowa ba.

"Eirlys, ki riƙa magana irin ta matar babban gida. Hoton kakana zai hau wurin nan."

"Kakanka? Wanda ka sayo a gwanjo ranar Asabar?"

Kai, mata ba su san darajar miji ba! Idwal fa ba mutumin da za a ɗaga wa murya ba ne. Shi ne shugaban ƙungiyar tarihin ƙauyen. Shi ya kafa ta, shi ya tsayar da kansa, kuma ya ci zaɓe babu hamayya. A ƙungiyar mawaƙan maza muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi, ko da yake ba kullum take bin hanyar da sauran suka bi ba. Ko shara zai fitar, sai ya ɗaura taye.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Rabin ƙauyen Roberts ne, don haka da sunan gida ake kiran mutum. Shi kuwa Idwal Tŷ Capel ne, wato na ɗan gidan da ke jikin majami'a, inda uwarsa ta yi rayuwarta tana goge benci da wanke daɓe. Ya sayi mota, ya sayi tabarau mai zinariya, sunan nan ya ƙi sauka daga kansa.

Da ya yi ritaya sai ya shiga tonon tsofaffin takardun ƙidayar jama'a. Sunan kakan kakansa Robert Roberts, sai ga su nan a takarda kamar an watsa gero: wannan makiyayi, wancan mai fasa dutse, wancan almajirin maƙeri. Idwal, da yake masani ne mai tsantseni, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi yawan barori: mai gidan Bryn Eithin, katafaren kangon nan na kan tudu.

"Ba ni na zaɓa ba," in ji shi. "Jini ne ya kira ni."

Ya sa aka sassaƙa masa sunan Bryn Eithin a kan allon dutse, ya kafa a ƙofarsa. Sannan ya tara jama'a a zauren ƙauye.

"'Yan'uwa, ko in ce jama'armu," ya fara, yana shafa taye. "Mu mutanen Bryn Eithin mun riƙe talakawanmu kamar 'ya'yan cikinmu. Kada kowa ya ji nauyina. Ina nan yadda kuka san ni."

Kusan duk wanda ke zaune jikan waɗanda mai Bryn Eithin ya kora daga gonakin haya ne, shekarar da suka ƙi zaɓen ɗan takararsa. Kowa kuma ya san ainihin kakan Idwal, makiyayin nan, yana cikin korarrun. Babu wanda ya gyara masa. Wa zai ɓata wa kansa nishaɗin shekara guda?

Nesta ma bakinta ta kama. Benci ɗaya suka zauna da Idwal a firamare, burodi ɗaya suka raba, amma ranar da aka kafa allon ya ce mata, "Ke kam za ki iya ci gaba da kirana Idwal, in babu baƙi." Tun ranar take jiran wani abu, ba ta gaya wa kowa ko mene ne ba.

Daga nan girma ya sauko masa ta ko'ina. Mahauci ya riƙa cire hula: "Ranka ya daɗe, ƙashin kare ko na miya?" Mawaƙa suka roƙe shi ya huta, wai bai dace jinin sarauta ya tsaya layi ɗaya da masu fasa dutse ba. A mashaya, da ya zauna sai teburin ya watse, don ladabi. Idwal ya koma gida yana cewa, "Kin gani? Talaka ya san nasa."

Saura agogo. Kakar kakar Eirlys ce ta goyo shi a bayanta cikin ruwan sama ranar da aka kore su daga gona, kuma shi kaɗai ta tsira da shi.

"Tarihi ba ya son zuciya," Nesta ta ji Idwal yana cewa ta bango. "Wataƙila danginki ba su da biyayya ne."

Sai ƙarar ƙofa. Sai wani abu mai faɗi ya biyo Idwal waje. Sai sakata.

"Tafi gidanku na kan tudu!" in ji Eirlys ta taga. "Ka gaishe da tumaki!"

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nesta ta ɗora wani shayin, ta fito da kofi biyu, ta zauna. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Idwal ne. Buɗe mana."

"Idwal wanne? Kun yi yawa a garin nan."

"Na Bryn Eithin."

"Ayya, ranka ya daɗe! Ɗakina bai kai ba. Kakata ma ta bar wasiyya kada a buɗe muku."

Ta leƙa ta labule. Ga shi tsaye, ya kifa hoton kakan gwanjo a kansa, fenti na zuba a kan taye. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya matso da bakinsa jikin ƙofa.

"Idwal Tŷ Capel ne, Nesta. Ɗan mai wanke daɓe." Ya gyara murya. "Amma fa ta wajen uwa kawai."