Malejin da Ya Ci Amanar Saja Ezekiel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya ƙi kwanciya, Saja Ezekiel Yari mai ritaya, mazaunin Rikoto a garin Zuru, yana sanar da 'yan'uwa, da tsofaffin abokan aikin soja, da matan zumunta na cocinsu, rasuwar abokin tafiyarsa, malejin tsohuwar jif ɗinsa, wato agogon nan mai farar allura da ke zaune bayan sitiyari yana faɗin gudun mota. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a garejin Muhammad Sani bakanike, ana tsakiyar yi masa aiki. Bai bar wasiyya ba. Bai kuma nemi gafarar kowa ba, wanda shi ne abin da ya fi ci wa Saja rai.

Marigayi ya shigo gidan tare da jif ɗin, shekarar da Saja ya ajiye kaki ya sayo ta a gwanjo. Duk wanda ya san shi a wancan zamani zai yi masa kyakkyawar shaida. Ba shi da surutu. Iyakar abin da ake ji daga bakinsa shi ne ɗan ƙiris-ƙiris idan mota ta hau gargada, sai kuma wani siririn kuka, tsiii, da safe kafin inji ya ɗau zafi. Rana ta gasa shi, ruwa ya shiga masa ta tsagar gilashi, ya haye duwatsun ƙasar Zuru ya gangaro, bai taɓa cewa ya gaji ba. Saja yakan goge wa malejin fuska da gefen riga kafin ya goge tasa.

Sai dai ba don kyan fuskarsa aka riƙe shi da daraja ba. Amana aka damƙa masa. Ranar da jif ta fara kwana a gidan, Mama Rachael, matar da Saja ya yi wa noman golmo a gonar mahaifinta har tafin hannunsa ya yi kanta kafin a ba shi ita, ta tsaya a ƙofa ta ce harsashi ya neme shi a ƙasashen mutane bai samu ba, ba za ta yarda titi ya samu a banza ba. Saja ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari ba zai taɓa wuce sittin ba. Marigayi shi ne shaida, shi ne kuma mai gadin alkawarin. Shekara da shekaru 'yan kabu-kabu suna wuce jif ɗin suna dariya, manyan motoci suna danna mata hon, Saja ko a jikinsa. Allura tana kan sittin, Mama Rachael tana kujerar gaba tana ɓare gyaɗa, duniya ta yi daidai.

Ciwon ajalin ya samo asali ne daminar bara waccan. Saja yana da gona wajen Kanya, hanyar kuwa idan ruwa ya sauka sai ta zama kunu. Da ya gaji da roƙon mutane su tura shi, sai wani tsohon abokin barikinsa ya haɗa shi da tayoyi huɗu manya, masu kaushin haƙora, irin waɗanda motocin daji ke sawa. Saja mutum ne da ya yarda duk abin da ya yi kama da na soja ba ya kuskure. Aka cire ƙanana aka ɗaura manya, jif ta ƙara tsawo, sai da aka sa wa Mama Rachael ɗan kututture a tsakar gida don ta riƙa takawa ta hau. Marigayi yana kallon duk abin da ake yi, bai ce uffan ba.

Tun fitar farko Mama Rachael ta daina ɓare gyaɗa. Ta dafa gaban mota ta ce, "Baban Divine, gudun ga ya yi yawa."

Saja ya nuna mata allura da baki. Sittin cif.

Ta ce, "Ni ban iya karatun agogo ba, amma cikina ya iya. Itatuwan ga ba haka suke wucewa da ba."

Haka aka yi ta yi, ita da cikinta, shi da allurarsa. Abin ya zo ya fashe wata Lahadi da aka kwaso matan zumunta daga taro a Bena. Mota cike, ana waƙa ana kaɗa tulu, Mama Rachael ta sake magana. Saja, da yake idon mutane na kansa, ya ɗaga murya yadda har na can baya suka ji, ya ce allura ba ta ƙarya, tsufa ne ya zo wa wasu da tsoro. Aka yi dariya. Da aka iso ƙofar coci Mama Rachael ta sauka ba tare da ta nemi hannun kowa ba, kuma daga ranar ba ta sake taka kututturen nan ba. Kasuwa, coci, gaisuwar mara lafiya, duk a bayan babur take zuwa, tana riƙe da rigar ɗan wani. Tuwo bai fasa zuwa a kan lokaci ba, gaisuwar safe ba ta fasa ba. Kujerar gaba ce kawai ta zama wurin ajiye buhun taki. Saja ya ji zafin abin ƙwarai, amma yana ganin gaskiya na gefensa, tunda ga shaidarsa nan a bayan sitiyari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan jiya 'yarsu Divine, wadda ke aikin jinya a Birnin Kebbi, ta zo hutu, Saja ya ɗauko ta daga tasha. Wayarta tana da taswirar nan mai nuna gudun mota. Suna kan kwalta ta dubi waya, ta leƙa allura, ta sake duban waya.

Ta ce, "Baba, saba'in fa kake yi."

Saja ya ce wayar ta sha zafi. Aka ari ta wani fasinja da suka rage wa hanya, aka sake gwadawa. Saba'in. Ya rage gudu har waya ta ce sittin, ya dubi marigayi, sai ga shi yana nuna hamsin da 'yan kai, fuskarsa fes, ko kunya babu. Saja ya gangara gefen hanya ya kashe mota.  Damina biyu yana karya alkawarin da ya ɗauka da hannu a kan Littafi, kullum, matarsa ta sha faɗa masa, shi kuwa yana ƙaryata ta saboda wani ɗan ƙarfe da yake goge wa fuska. Da ɗan gari akan ci gari.

An garzaya da marigayi gareji. Muhammad Sani ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya ce, "Baba Saja, ai ba ƙarya ya yi ba. Shi juyin taya shika ƙidaya. Babbar taya in ta juya sau guda ta fi ƙarama cin ƙasa, shi ko bai sani ba. Kai ka sake mishi ƙafafu ba ka gaya mishi ba." Masu makoki sun saurari wannan bayani, kuma ba su karɓa ba. Saja ya ce sojan da aka sa gadi, in ya ga an canza ƙofa, tambaya yake yi, ba ya ci gaba da sara wa bango. Wasu 'yan zaman gareji sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An roƙe su su bar maganar sai bayan makoki.

Maganin, in ji bakanike, shi ne a canza wani ɗan ƙaramin gargare mai haƙora da ke can gindin giya, inda wayar maleji take farawa, a sa wanda ya dace da manyan tayoyi. An nema a Zuru babu, an aika Kontagora babu, wanda aka kawo daga Yawuri kuwa na wata mota ne daban. Da haƙuri ya ƙare, sai aka yanke shawarar a buɗe marigayi a ɗan matsar da allurar gaba da hannu. Muhammad Sani ya yi bismilla, ya sa bakin sukundireba. Aka ji ƙyas. Allura ta yi rawa sau ɗaya, ta gangaro kan sifili ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Wannan ce magana ta ƙarshe da aka ji daga gare shi, kuma Saja ya ce ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a shekara biyu, domin motar a tsaye take.

Marigayi ya rasu ya bar ƙaninsa agogon mai, wanda tun fil azal rabin tanki yake nunawa, amma shi kowa ya san halinsa, ba a taɓa ba shi amana ba. Ya bar agogon zafin inji, da waya guda mai tsatsa, da hon da muryarsa ta dushe. Ya bar tsofaffin tayoyi huɗu da suka yi zaman lafiya da shi, yanzu suna kan rufin ɗakin awaki suna danne kwano. Manyan tayoyin nan kuwa suna nan a ƙafar mota, za su halarci jana'iza don dole, amma ba a gayyace su ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Za a ɗauki gawa daga gida a cikin jif ɗin, a tsaya a ƙofar coci daidai lokacin da matan zumunta ke tashi daga koyon waƙa, a wurin da aka sauke su ranar dawowa daga Bena. A nan Saja zai yi ɗan jawabi a kan wanda ya faɗi gaskiya a cikin motar nan, kuma ba marigayi ba ne. Daga nan a koma gida a binne shi bayan ɗakin awaki. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar kuka.

An aika wa Mama Rachael da gayyata ta hannun Divine, ko da yake ɗakinta yana kallon na Saja. Amsar da ta bayar ita ce, "In zai faɗa, ya faɗa da ƙarfi yadda ya faɗi waccan." Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Saboda haka ba a sa lokacin tashi ba. An sauke buhun taki, an wanke kujerar gaba, an mayar da kututture wurinsa. Saja ya ce mutumin da ke da alkawarin sittin ba zai tuƙa mota babu mai gaya masa gudunsa ba, kuma a duk ƙasar Zuru saura mutum ɗaya da ya yarda da ƙidayarsa. In ta fito da wuri, a tashi da wuri. In ba ta fito ba, masu ta'aziyya su taho da kujerunsu, za su same shi zaune a bayan sitiyari da makulli a hannu. Gawar ta ƙarfe ce, za ta iya jira.