Fuskar Yallaɓai a Zanen Afiniki

Jiya ina layin mai a hanyar Kagoro, rana na dukan ƙeyata, babur ko ɗigo babu, sai rediyon mai shayi ya ce wai Yallaɓai ya ajiye aiki. Wane Yallaɓai? Namu dai, ɗan garin nan da aka ɗora kan wata babbar kujerar 'yan sanda kwanan baya. An tura shi kwas ƙasar Turawa, sanyin can ya yi masa daɗi, ya bugo waya ya ce a kai kasuwa. Ko hular gwamnati bai dawo da ita ba.

Kai jama'a! Mu kuwa nan mun gama shirin sujadar godiya. Zumuntar mata sun yi anko mai hoton fuskarsa, an ɗaure bijimin yanka a bayan majami'a. Masu girma iyayen tumbi, waɗanda ke rantsuwa su suka goya shi, yau sun ce ko a hanya ba su san shi ba. Wannan ya ce makircin 'yan adawa ne, wancan ya ce a kafa kwamiti. Aka kafa. Zaman farko kwamiti ya cinye bijimin. Sannunku da aiki, ranku ya daɗe!

Abin da ke ci mini rai shi ne maƙwabciyata Afiniki. Mijinta Meshak na tsare a caji ofis tun damina kan rigimar iyakar gona, ba kotu, ba beli. A wajenmu, ranar godiya babban mutum ba ya ƙin roƙon wanda ya durƙusa masa a gaban fasto. Ranar take jira, shi ya sa ta shiga ankon.

Da na dawo ina tura babur ta tare ni.

"Baban Roseline, wai gaskiya ne ba zai zo ba?"

Na ce, "Maman Kumai, ya ce can ya fi masa."

"To ni wa zan durƙusa wa?"

Allah ya sani takaici ya ishe ni.

Yau da safe na raka ta caji ofis, tana riƙe da kwanon tuwon acca, tana ɗaure da zanen ankon nan. Kofur ya ce ta jira a benci. Ta zauna. Sai na lura ashe fuskar Yallaɓai ta faɗo daidai wurin zama.

To, ko ba komai, an samu mutum ɗaya a Kafanchan da ta gana da shi yadda ya dace.