Kujerar Baba Tsoho a Gindin Mangwaro

"Lafiya lau na wuni, sai dai ganinki da ya ɓata mini rana," in ji Baba Tsoho, ko juyowa bai yi ba.

"Ni ma don dole na gaishe ka, ango. Tashi, kai kaɗai ake jira."

Jikarsa ce, wadda ɗaukar hoto ce sana'arta. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, sai yau 'ya'yansa da jikokinsa suka haɗu gaba ɗaya, kuma da yamma rabinsu za su kama hanya. Ta jera su a gindin mangwaron tsakar gida, zufa na tsiyaya, hodar mata ta fara narkewa. Kujerar tsakiya ce kawai ba kowa. Mai ita yana falo gaban fanka.

"A wannan zafin? Hoto za ki ɗauka ko gasa ni za ki yi?"

"Rana ta gasa me? Kai da ba komai jikinka sai ƙashi da gemu."

"Ji marar kunya! A zamanina masu hoto har gida suke bi na, suna roƙon in tsaya ƙofar shagonsu don 'yan mata su shigo."

"Na ga hoton. Har yanzu da shi muke tsorata yara idan sun ƙi wanka."

"Na sake ki."

"Jiya ma ka sake ni a waya. Bari dai a ɗauka, in samu abin nuna wa sabon mijina ya ga wahalar da na sha."

"Ki ɗauke su, ni ki liƙa ni daga baya. Na ji na'urar taku har mai sanƙo take yi wa gashi."

"Fuska take gyarawa, ba ta gyara taurin kai."

Sai ta ga hannunsa ya tafi kuncinsa na hagu. Ciwon da ya kwantar da shi ya bar masa gefen baki a karkace, kuma tun shigowarta bango yake kallo. Nan ta gane ba rana yake gudu ba. Ta ajiye kyamarar, ta durƙusa gabansa.

"Baba Tsoho, bakin ne?"

Ya sauke hannunsa. "Wannan hoton shi za a rataye bayan raina. Ba na son yaran nan su tuna ni a haka."

Ta harare shi.

"To wa ya ce maka da can a miƙe yake? Tun ina ƙarama, duk lokacin da za ka shara ƙarya sai ya karkace. Likita dai ya bar shi ne inda ya fi sabawa."

"Ni nake ƙarya?"

"Wa ya ce mana ya taɓa tura jirgin ƙasa har tasha?"

"Ai mu biyu ne muka tura."

"Ka gani, ya ƙara karkacewa." Ta kama hannunsa. "Ƙananan nan ba su san ka da wani baki ba sai wannan, kuma da shi kake ba su dariya. Idan suka girma suka tambaye ni ina kake, in ce musu me? Zafi ya kore ka?"

Ya ja tsaki, ya laluba sandarsa.

A waje zafin kamar ana hura wuta. Ta zaunar da shi, ta juya kujerar kaɗan, ta ɗora masa jaririyar gidan a kafaɗar hagu. Ya mayar da ita cinyarsa, ya fuskanci kyamara.

"Kada ki ɓoye ni bayan jaririya. In za a ɗauka, a ɗauka yadda nake."

Ta koma baya, ta ɗaga murya: "Kowa ya yi murmushi! Ban da ango, shi nasa tun a asibiti aka ɗaura masa."

Babban ɗansa ya zaro ido. Sai ga tsohon ya fashe da dariya har hularsa na zamewa, kowa ya bi shi, ita kuwa ta danna.

Ta kai masa ya gani. Ya ƙura wa hoton ido, yana shafa shi da ɗan yatsa.

"Wannan tsohon ba laifi. To ke ina kike a ciki?"

"Ni ce mai ɗauka."

"Miƙa wa babanki, ya iya danna abu." Ya zaro hankicinsa ya ba ta. "Ungo, goge wannan zufar, yau kin ci ni. Zo ki tsaya ta gefen da ya karkace, sai a ce ganinki ne ya ja shi."